Akwatin Marigayi Pickersgill

Fam arba'in na biya, a kasuwar Lahadi
da ke ci a bayan motoci a Huddersfield.
Matarsa ce ta miƙo min shi cikin ledar burodi,
ta ce, "Shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin gado.
Ban taɓa son ƙararsa ba.
Ɗauka, kafin in sake shawara."

Akwatin ƙarfe ne, da kaɗan ya fi tafin hannu,
fentinsa ruwan lemo, ya koɗe inda takalmi ke sauka.
Ya girme ni. Ya girmi yayana.
Na kwance ƙusoshi huɗu da wuƙar kicin:
tsohon batir ya yi amai, aman ya bushe,
a cikin murfi an rubuta da biro,
Pickersgill, saba'in da huɗu.

A ɗakin sama, inda rufi ke dungure min ƙeya,
na jona jita, na jona lasifika, na taka.
Shiru. Sai tari,
irin na tsohon da aka tasa daga barci.
Ashe sanyi ne ba ya so.
Na ɗora shi kan ƙarfen ɗumama ɗaki,
muna jira, ni da shi, shayina yana hucewa.

Da na sake takawa,
wayyo.
Tsirkiya ɗaya na taɓa, ta fito da ƙaya a jiki,
ta yage kamar sabon yadi a hannun tela,
ta ƙi mutuwa.
Taga ta ɗauka. Cokalin cikin kofi ya ɗauka.
Haƙorina da likita ya cike, shi ma ya ɗauka.

Ni da ke wuni a gidan kula da tsofaffi
ina tauna murya kafin in fitar,
ina ba ƙofar da ta buge ni haƙuri,
shekara tara ina wanke harshe, ina goge shi, ina ninkewa,
yau ga ƙarfen da aikinsa ɓata sauti,
kuma kuɗi aka biya don ya ɓata.

Ba baƙona ba ne.
Kawu Barmo, mai yi wa mafarauta garaya,
ba ya kiɗa sai ya soka mata ɗan ƙarfe mai zobba a wuya.
Yakan ce sautin da ba ya zuza
miya ce ba daddawa.

Mamurɗai uku ne. A gefen kowanne
akwai ɗigon jan farce, na san ko na wace ce,
daidai inda marigayin ke tsayar da nasa.
Na kai su can. Na ji abin da kunnensa ke so:
kauri, da ɗan ɗaci a ƙasa, kamar ƙanzo.
Mutumin da ban taɓa gani ba,
ga shi na san shi ta inda 'ya'yansa ba su sani ba.
Na ɗan zauna a wurinsa, don ladabi,
sannan na tura na tsakiya gaba kaɗan.
Wanda ya ci gado ai ya gyara shimfiɗa.

Ko na ɗaga yatsu ba ya yin shiru.
Huci yake, kuma can ƙasan hucin
yana tsinto rediyo daga iska:
wani na karanta sakamakon ƙwallo,
ruwa gobe, ruwa jibi.

Tara da rabi maƙwabciya ta buga bango.
Sau uku. Na rage.
Ta sake bugawa, sau uku, a kan kiɗan,
har yau ban san ko faɗa ne ko tayi ba.

Na zare waya don kar batir ya ƙare.
Ƙarfen da sauran ɗumi, ba na ce nawa ne ba.
Lahadi zan koma in gaya wa matar yana da rai.
Ban sani ba ko albishir ne.